Akun da Zane Kaɗai Ya Rage Mana

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi, na Aboabo da Asawase da sauran zanguna.

Ku dubi wannan zanen da kyau. Jiki kore shar, kai ruwan ɗorawa, goshi ja-ja. Akun Karolina ke nan na ƙasar Amurka. Mai zanen tsuntsaye John James Audubon ya zana shi tun suna tashi garke-garke. Manoma suka yi ta harbinsu don kare amfanin gona, aka sare dazuzzuka, masu yin huluna suka kwashe gashinsu. Na ƙarshe da ke keji ya mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1918.

Wannan aku mai ƙaton baki kuma na tsibirin Morishas ne, shi ma ya ƙare. A cikin littafin tafiyar wani jirgin ruwan Holan aka zana shi a 1601. Ba don zane irin wannan da 'yan ƙasusuwa ba, da ba mu san kamanninsa ba.

To, mu dawo gida. Akunmu mai ruwan toka da jar wutsiya, wanda ke kwaikwayon sallama a zauren kakanninmu, yana kan wannan hanyar. Binciken da masanin tsuntsaye ɗan Ghana Nathaniel Annorbah ya jagoranta ya nuna cewa daga 1992 Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na wannan tsuntsu. Masu tarko sun kama, masu katako sun kayar da manyan itatuwan da yake ƙwai a kogonsu. Wallahi abin da ciwo. Shi ya sa a 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.

Kiwo na gaskiya yana ceto. Shuɗin akun Spix ya ɓace daga dajin Barazil a 2000, amma masu kiwo suka hayayyafa shi, aka sake sakin wasu a 2022. Irin wannan aiki na cin kuɗi: abinci, magani, keji mai faɗi.

Nan masu zanenmu za su shigo. Masu sayar da hotuna a Cibiyar Al'adu, maƙwabtan gidan namun daji, da samarin zango masu fenti, ku zana akunmu, ku rubuta labarinsa a ƙasa, ku ware wani abu daga cinikin ga masu hayayyafa shi bisa ƙa'ida. Kai kuma Alhaji, in an kawo maka aku, ka tambayi inda aka ƙyanƙyashe shi, ka nemi takardar Hukumar Kula da Gandun Daji kafin ka miƙa sidinka.