Bismillah da wutar Majusawa a kan dirhami guda?

[Hoton dirhamin azurfa, ana matso da shi a hankali]

Wannan hoton ya zagaya wayoyin mutane a makon nan. Wasu sun ce ƙarya ce aka haɗa da kwamfuta, wasu kuma sun ce ai ga jinjirin wata da tauraro nan, shaida ce ta kuɗin Musulunci. Dirhamin na gaske ne. Amma watan da tauraron ba Musulmi ne suka sa su ba.

Ku dubi fuskar nan mai kambi. Kisra na Biyu ne, sarkin Farisa daga 590 zuwa 628.

[A juya shi]

Ga wurin da Majusawa ke hura wutar bautarsu, ga mutum biyu tsaye suna gadinta. Ku lura da gefen harshen wutar: tauraro a nan, wata a can. A bakin da'irar ma an maimaita su. Farisawa suna girmama wata, suna kiransa Mah, kuma sarakunansu sun daɗe suna ɗora shi a kan kambi tun kafin a aiko Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

To, ina Bismillah ta shigo? Nan ne ake ruɗewa, don haka bari mu ɗan tsaya.

Da Musulmi suka ci Farisa, sun tarar da kasuwa tana ci da wannan dirhami. Ɗan kasuwa kuwa, duk inda yake a duniya, ba ya karɓar kuɗin da idonsa bai saba da shi ba. Sai aka bar maƙeran su ci gaba da bugawa yadda suka saba, aka ƙara kalma ƙanƙanuwa a gefe, wajen shekara ta 31 bayan Hijira.

[A mayar da shi ɓangaren fuskar sarki, a haska gefen dama na ƙasa]

Ga ta nan, rubutun bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Duk sanda na kalle ta sai jikina ya yi sanyi. Ita kaɗai ce tamu a jikin azurfar nan, sauran duk gado aka tarar.

A Sham ma haka aka yi da kuɗin Rumawa, mai ɗauke da gicciye a kan matakala: an bar matakalar, aka cire sandar gicciye da ke kwance, ya zama sanda tsaye kawai.

Aka yi shekara arba'in da ɗoriya a haka. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin zinariya, nauyinsa giram 4.25, babu fuska, babu wuta, babu wata, babu tauraro. Kalmar shahada a gaba, ayoyin Ƙulhuwallahu a baya.

Watan da muke gani a tutoci da kan hasumiyar masallatai yau, Turkawan daular Usmaniyya ne suka yaɗa shi, ƙarnoni da dama bayan wannan dinari.

[Dinarin da dirhamin, kafaɗa da kafaɗa]