Amsoshin Tambayoyinku: Makami mai linzami daga jirgin yaƙi

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba yawa. Tare da ni akwai baƙonmu, tsohon jami'in sojan sama. Ranka ya daɗe, sannu da zuwa.

Wani malamin makaranta daga Ringim yana tambayar bambancin bam da makami mai linzami. Malam, amsar tana cikin sunan. Bam na gargajiya sakinsa ake yi ya faɗo kamar dutse. Wannan kuwa yana da injin da ke tura shi, kuma ana juya shi har ya isa, yadda linzami ke juya doki.

Wani ɗalibi daga Gwarzo ya ce nawa ake sayar da shi? Kai ɗan nan, cinikin gwamnatoci ne, ka riƙe karatunka.

To, ga tambayar da ta zo daga Kazaure, da Dambatta, da Birnin Kudu, kusan da kalmomi ɗaya. Wata uwa ce ta fi bayyana ta: in makaman nan ba sa saɓa saiti, yaya aka yi wuta ta faɗa kan masu Maulidi a Tudun Biri? Ta ce ko ƙarar jirgi ta ji, sai ta kira yara ɗaki. Ranka ya daɗe, bismillah.

Baƙo: To, kowanne da yadda yake gano hanya. Wani tauraron ɗan Adam ke ja masa gora, wani zafi yake bi, wani hasken leza. Ɗauki Hellfire na Amurka, nisan kilomita 8 yake ci, ana haska wuri da leza sai ya bi hasken. Akwai Storm Shadow na Ingila da Faransa, ya wuce kilomita 250. Mu ma a 2021 mun karɓi jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12...

Ranka ya daɗe, gafarta mini, Tudun Biri take tambaya.

Baƙo: Nan zan zo. Makami inda aka nuna masa yake zuwa. Bai san ɗan bindiga ba, bai san almajiri ba. Mai kallo daga sama da dare taron mutane kawai yake gani a allo.

Bari in maimaita, Hajiya. Makamin ba ya tantancewa, mutum ne ke tantancewa. Ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari a ƙauyen nan na ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ce an binne mutum 85, sojoji kuma suka amsa kuskure ne. Irin wannan kuskure aka yi a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, Janairun 2017. Ni a ganina, kafin a danna komai, a tambayi na ƙasa. Dagaci da mai unguwa sun san ranar kasuwa, sun san daren Maulidi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mai tambaya daga Gumel kan inda muka sayo jiragen yaƙi na JF-17, daga Pakistan aka sayo su, guda 3. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.