Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ajin Koyon Ɗaukar Hoto na Agege

Assalamu alaikum. Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka. Sarkin Hausawan Agege, malamai, iyayenmu mata da matasa, barkanku da hallara.

Ranka ya daɗe, a madadin masu sana'ar hoto na wannan unguwa, muna yi maka lale marhabin da zuwa Legas. Ka baro gida, ka zo gida, domin jirgin ƙasa da cinikin goro sun daɗe da dasa kakanninmu a Zangon Agege.

Sana'ar da muke koyarwa tsohuwa ce a garin nan. George Da Costa ya buɗe shagon hoto a Legas a 1895, ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasan da ta isa Kano a 1911. Marigayi Okhai Ojeikere kuwa ya fara ɗaukar salon kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan dubu. Abin da kowa ke wucewa bai kalla ba, shi ya tsaya ya kalla, ga shi yau ana nuna aikinsa har Faransa da Amurka.

Abin da ke damunmu shi ne, mu kullum ɗaukarmu ake yi. Baƙo ya zo ya ɗauki mai turin baro a kasuwar Mile 12 ko almajiri da kwano, ya tafi, a ce ga Bahaushen Legas. Fati Abubakar ta nuna mana hanya, da ta ɗauki kyamara ta nuna wa duniya bukukuwa da kasuwannin Maiduguri lokacin da labarin bam kaɗai ake ji.

Shi ya sa darasin farko a ajinmu sallama ce. Yaro zai gaida mutum, ya nemi izini, kafin ya ɗaga kyamara, domin fuskar mutum amana ce. Sai darasin haske. Makon jiya wani ɗalibi ya ɗauki dattijo mai goro, rana na bayansa, fuskar ta fito baƙi ƙirin. Muka ce ya koma da hantsi ya zauna gefensa. Da ya dawo, har jan goron da ke leɓen tsohon da ɗinkin hularsa ana gani.

Ranka ya daɗe, kukanmu ɗaya: kyamarori sun yi mana kaɗan, yawancin yaran da wayar aro suke koyo. Muna roƙo ka isar da wannan ga masu hali.

Yanzu muna neman alfarma ka zagaya ka ga ayyukansu, sannan ka zauna ƙaramar ɗalibarmu ta ɗauke ka. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.