Yankan bishiyar Kirsimeti a dajin gwamnati: ku kula da kututture

To jama'a barkanmu da sanyi, yau dai ga mu a dajin Mt. Hood a jihar Oregon ta Amurka, ku yi haƙuri da muryata, sanyin nan ba wasa. Takardar izini na riga na saya a shafin intanet na gwamnati, Recreation.gov, dala 5 da ɗan kuɗin rajista, ga ta nan na buga na sa a leda, don a cikin dajin nan babu netwok ko ɗigo. In kana da yaro ɗan aji 4 na firamare ma kyauta ake ba shi, sai ɗan kuɗin rajista.

Ni irin bishiyar da ake kira noble fir nake so, rassanta da ƙarfi, ko me ka rataya ba sa lanƙwasa. Madam kuma Douglas fir take so saboda ƙamshi, kowace shekara sai mun yi wannan rigimar. Ku zaɓi wadda ke cikin cunkoso, abin da hukumar gandun daji ke so kenan, a rage su sauran su samu rana.

Yauwa, ga inda na sha wuya. Doka ta ce kututturen da za ka bari kar ya wuce inci 6. Shekarar farko na zo na yanka daidai saman ƙanƙara ina ta murna, ashe ƙanƙarar ta kai gwiwa, na bar kututture dogo kamar turmi. Saboda haka tona, tona har sai ka ga ƙasa da idonka, ka durƙusa, sannan ka sa zarto. Miƙo min shebur... a'a ba wannan ba, ƙaramin. Kun ga? Nan ne ƙasa. Kuma kar ka ga babbar bishiya ka sare kanta kawai ka tafi, an hana.

Rassan ƙasan nan da na cire ba na yar da su, da su Madam ke yin adon ƙofa. Amma in rassa zalla za ka ɗiba da yawa, wannan takardarsa daban, ka tambayi ofishin gandun daji.

Sai a naɗe a tamfol a ɗaure a kan mota, gindin ya kalli baya... kai, gaba nake nufi, gindi gaba, in ba haka ba iska ta kakkarya rassan. In kun isa gida ku ƙara yanke inci 1 a gindin kafin ku tsoma a ruwa, don danƙo ya riga ya toshe wurin. Bari in ɗaura igiyar nan, yatsuna sun fara ƙagewa.