Masu Neman Jinsi Ɗaya a Rundunar Sojin Amurka: Yadda Doka Ta Sauya da Abin da Ya Rage

Jama'a, barkanmu da warhaka. Mu fara da shekarar 1993, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da aka fi sani da "kar ka tambaya, kar ka faɗa". Ma'anarta, kwamanda ba zai tambayi soja wane jinsi yake nema ba, shi ma sojan ya ja bakinsa ya yi shiru. Da ya furta, ko wani ya kai ƙararsa aka samu hujja, sai sallama. Sojoji sama da 13,000 aka sallama ta wannan hanya, cikinsu har da masu fassarar Larabci da gwamnati ta kashe kuɗi ta horar, a daidai lokacin da ake yaƙi a Iraƙi ana neman irinsu ruwa a jallo. Wannan asara ce, kuma rundunar ce ta jawo wa kanta.

Wasu ƙasashen sun riga Amurka ɗage haramcin aikin soja ga masu neman jinsi ɗaya: Holan tun 1974, Kanada da Ostireliya a 1992. Birtaniya kuwa sai da Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 1999, sannan ta ɗage haramcin a Janairun 2000.

To, ku lura da yadda aka soke dokar, domin nan ne darasin aikin yake. A 2010 ma'aikatar tsaro ta aika wa sojoji 400,000 tambayoyi, kimanin 115,000 suka amsa. Kusan kashi 70 cikin ɗari suka ce sauyin ba zai cutar da rukuninsu ba, ko kuma tasirinsa gauraye ne. Adawar ta fi ƙarfi a tsakanin zaratan sojin ruwa masu shiga fagen daga. Majalisar dattawa ta amince da dokar sokewar da ƙuri'a 65 da 31, Shugaba Obama ya sa hannu ranar 22 ga Disamba. Duk da haka ba a fara aiki da ita nan take ba. Sai da aka horar da sojoji daga manyan hafsoshi zuwa ƙananan kurata, shugaban ƙasa da sakataren tsaro da babban hafsan hafsoshi suka tabbatar a rubuce cewa an shirya, aka ƙara jiran kwana 60. Ranar 20 ga Satumba, 2011 haramcin ya ƙare.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba. Takardar sallama, wato DD-214, ita tsohon soja ke nunawa idan yana neman aiki ko kuɗin karatu, kuma da yawa an rubuta musu dalilin korar ƙarara a jiki. Wanda aka ba sallamar da ba ta girmamawa ba yakan rasa wasu haƙƙoƙinsa, gyaran kuma sai ya cika takardu ya yi ta jira. Sai a Oktoban 2024 ma'aikatar tsaro ta sanar da gyara takardun mutum sama da 800 da ta duba da kanta, shekara 13 bayan soke dokar.