Naman raƙumi, fara da gyazbi: ɗanɗanonsu da yadda ake gyara su

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Yawancin waɗanda suka ce naman raƙumi tauri ne da shi, ko fara ƙarni take yi, a hannun wanda bai iya gyarawa ba suka ci. Kowanne daga cikin waɗannan yana da yadda ake bi da shi, kuma tun kafin a ɗora tukunya ake samun daɗin ko a rasa shi.

Mu fara da raƙumi. A kwatar Kano ana yanka shi kullum, akasari daga Nijar da Chadi ake shigo da shi ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari. Ba a yi masa yanka irin na shanu. Soke shi ake yi a gindin wuya, daidai inda ya haɗu da ƙirji. Ku dubi tsokar da kyau: ja ce, zarenta kauri gare shi, kuma da wuya ka ga kitse ya ratsa ta, don raƙumi a tozo yake tara kitsensa. A baki yana kusa da naman shanu, sai dai akwai ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshensa, kuma bai cika maiƙo ba.

Shekarun dabbar su ne komai. Ɗan raƙumin da bai wuce shekara 3 ba, namansa da laushi, launinsa bai yi duhu ba, ana iya tsire ko balangu da shi. Tsohon da ya gama ɗaukar kaya kuwa, namansa ya yi ja har ya doshi baƙi, kuma dahuwa mai tsawo kaɗai ke iya masa. Ka tambayi mahauci, kada ka ji nauyi.

Ga kilo 1 na tsoka: a yanka a gicciye, kada wuƙa ta bi tsawon zaren, in ba haka ba tauna za a yi ta yi. A sa albasa manya 2, tafarnuwa, ɗanyar citta, kanumfari 4 ko 5 da masoro kaɗan. A zuba ruwa ya ɗan sha kan naman, in ya tafasa a rage wuta sosai, a bar shi awa 2 zuwa 3. Wuta mai ƙarfi ɗaure zaren take yi, ruwan jikinsa ya fita, ya ƙara tauri. Masu gaggawa kan jefa kanwa. Tana aiki, amma in ta yi yawa naman ya yi duhu, romon ya yi santsi, ɗanɗanon ya tafi. Gara a naɗe shi a dakakken ganyen gwanda na awa 1 kafin a dafa. Idan niƙawa za a yi, a haɗa da ɗan tozo, kamar kashi 1 cikin 5, don kada ya bushe. A ci da zafinsa, domin kitsen tozo da wuri yake daskarewa, ya manne a ganɗa. Hanta kuma a tabbata ta dahu har ciki. Raƙuma na ɗauke da cutar numfashin nan ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012, shi ya sa likitoci ke hana cin ɗanyen namansu.

Sai fara, wadda a Maiduguri da Maraɗi da Yamai da mudu ake auna ta. Da daddare ko da asuba ake kama ta, lokacin da sanyi ya hana ta tashi. A cire fiffike, a cire ƙafafun baya masu ƙaya, don suna kartar maƙogwaro kuma ciki ba ya narkar da su. Sannan a ja kan a hankali, zai fito da hanjin. Wanda ya tsallake wannan, shi ke jin ɗaci da warin ciyawa. A tafasa a ruwan gishiri kamar minti 10 har ta yi ja-ja, a tsane, a baza a rana ta bushe sarai. Jiƙaƙƙiyar fara in ta shiga mai, fantsama za ta yi ta yi, ta fito da laushi maimakon ƙaras-ƙaras. A soya a man gyaɗa kan matsakaiciyar wuta, ana juyawa, a kwashe, a barbaɗa yaji tun da zafi, a matsa lemon tsami. Ɗanɗanonta na kama da na jatan lande, da ƙamshin soyayyar gyaɗa a ciki. Wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, ya yi hattara, fara ma na iya yi masa haka.

Abu biyu ba wasa a cikinsu. Farar tumfafiya ba a cin ta, don tana tara dafin ganyen da take ci. Farar da aka tsince a mace a gonar da aka yi wa feshi kuma, tafasa ba ta fitar da maganin.

Gyazbi, wato ƙatuwar dabbar dajin nan ta dangin ɓera, ba ya buƙatar dogon bayani. Ciyawa da rake yake ci, namansa da taushi, kusa da na zomo amma ya fi shi maiƙo, har kiwonsa ake yi a Ghana da Benin. Babbaka shi ake yi, a kankare, a bar fatar, don a nan daɗin farfesun yake. A fitar da kayan ciki da wuri ba tare da an fasa hanji ko matsarmama ba. Kada a sayi wanda ba a san yadda aka kama shi ba, wasu da guba suke farauta. Wajen fiɗa a sa safar hannu, a wanke wuƙa da katako da sabulu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashi da jinin ɓera yake kama mutum, don haka duk dabbar da ke cikin dangin ɓera, mai fiɗarta ya fi mai ci shiga haɗari.