Tamfol ya hana ruwa shiga, to na ciki ta ina zai fita?

[Hannu yana yaye tamfol daga kan wata ƙaramar jar mota]

Ku dubi kujerar nan da kyau. Wannan fari-farin da ya lulluɓe ta ba ƙura ba ce, fumfuna ce. Motar ta yi watanni a lulluɓe, ko ɗigo ɗaya na ruwan sama bai taɓa ta ba, amma da an buɗe ƙofa warin da zai tare ka sai ka ce an manta jiƙaƙƙen bargo a cikin buhu. Tambayar da aka fi aiko mana ke nan tun da damina ta kankama: na sayi murfi mafi kauri a kasuwa, ta ina ruwan ya shigo? Ku biyo ni, amsar ba a sama take ba.

Bari mu fara raba kayan, don mutane na cakuɗa su. Rumfa ita ce rufin motar na yadi ko na leda, wanda ake naɗewa baya idan gari ya yi daɗi, da ita ake tafiya. Murfi kuwa na ajiya ne, sai mota ta tsaya ake sa shi. Aikinsu daban, kuɗinsu daban.

Motar da kuke gani Mazda MX-5 ce. An fara nuna ta a Chicago a 1989, zuwa 2016 an ƙera guda miliyan ɗaya, kuma a cikin buɗaɗɗun motoci masu kujera biyu babu wadda aka saya kamarta. Waccan siririyar ta gefe, mai kama da gwangwanin da aka sa wa tayoyi, Caterham Seven ce, 'yar Ingila. Asalinta Lotus Seven ce ta Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus, ta 1957, kamfanin Caterham ya karɓi ƙirar a 1973. Ni dai har yau ina mamakin Turawan Ingila: ƙasar da rana ke leƙowa kamar mai gudun bashi, amma su ne kan gaba a son mota marar rufi.

Rumfa iri biyu ce. Akwai ta leda, ta fi araha, tsumma da ruwa sun ishe ta wanki, sai dai rana tana ƙona ta, ta takure, ta tsattsage, sanyi kuma ya sandarar da ita. Akwai ta yadi, wadda masu sayarwa ke kira mohair. Sunan na gashin akuyar Angora ne, amma kar ku tsorata, ba a yi wa akuya aski ba. Yadin yau zaren roba ne a waje, shimfiɗar roba a tsakiya, wani yadin a ciki. Ta tsakiyar ce ke tare ruwa. Rumfar yadi ta fi kyan gani, ta fi shiru a kan hanya, ta fi tsada. Idan motarka a gareji take kwana, ɗauki wadda aljihunka ya yarda da ita. Tagar baya kuma, in ka samu ta gilashi kar ka tsaya ciniki, domin ta leda tana yin rawaya har ka daina gane mai binka a baya. MX-5 ta farko da tagar leda mai zif ta zo, daga 1998 aka koma gilashi.

To, a nan za mu zauna.

[Tukunya a kan wuta, an ɗaga murfi]

Ku dubi cikin murfin tukunyar nan. Wa ya zuba masa ruwa? Babu kowa. Tururi ne ya tashi, ya tarar da wuri mai sanyi, ya koma ruwa. Abin da ke faruwa ke nan a ƙarƙashin tamfol ɗinka kowane dare. Da rana, rana ta doki tamfol, iskar da ke ƙarƙashinsa ta yi zafi, iska mai zafi kuma tana kwasar danshi da yawa. Daga ina take kwasowa? Daga ƙasan da motar ke tsaye a kai, daga kafet ɗin da takalminka ya jiƙa, daga rumfar kanta in ka rufe ta ba ta bushe ba. Dare ya yi, gari ya huce, iskar ta kasa riƙe abin da ta ɗauka, sai ta sauke shi a jikin tamfol ta ciki, a kan fenti, a kan kujera. Gobe rana ta sake fitowa, a sake maimaitawa. Ruwan nan ɗaya ne yake ta kai da komowa, ba shi da ƙofar fita, don kai da kanka ka toshe ta da kuɗinka.

Shi ya sa idan mai kaya ya ce maka "wannan ko ɗigo ba ya shiga", tambayi abu na biyu: yana numfashi? Murfi mai kyau yana da ƙofofi ƙanana ƙwarai a saƙarsa, ɗigon ruwa ya yi musu girma, amma tururi yana ratsa su ya wuce. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wataƙila ɗan danshi ya ratsa. Ba komai. Da an ɗauke, iska ta kaɗa, zai bushe da kansa.

Ga gwajin da za ka yi a gida. Kofin ruwan zafi, ka rufe bakinsa da gefen yadin, ka riƙe madubi a sama. Ku duba... ya yi hazo ko? Wannan yana numfashi. Yanzu ga tamfol ɗin kasuwa. Madubi fes. Duk tururin yana ƙasa, kamar yadda zai zauna a kan motarka.

[Bayan kujerar direba, an haska da tocila]

Ita ma rumfar haka lissafinta yake, kuma nan ne ko tsofaffin masu mota suke shan mamaki. Ba a ƙera ta don ta hana kowane ɗigo shiga ba. Ruwan da ya sauka a kanta yana gangarowa baya, ya shige ƙarƙashin bakin bodi, ya faɗa wani indararo na roba da aka ɓoye a gindin rumfar. Indararon ya kai shi ga ramuka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, can bayan kujeru kusa da inda bel yake fitowa. Daga nan tiyo ya sauke shi ƙasa, gaban tayar baya. Wato ruwa yana ratsa cikin motar da izinin masu ƙira.

Ga ramin nan, yatsa da ƙyar yake shiga. Ganye, ƙura, ɗan tsinke, sun isa su toshe shi. Da ya toshe, ruwa ya cika ya tumbatsa, ya malala ƙarƙashin kafet, ya kwanta a cikin ƙarfen da ke ƙasan ƙofa. Tsatsa ta fara ci daga ciki, kai kana ta goge fenti a waje. A Birtaniya, inda akasarin motocin da suka wuce shekara 3 sai an duba lafiyarsu kowace shekara, tsatsar wannan wurin ta isa ta kayar da mota a binciken. Mutum ya ga kafet a jiƙe, ya ce rumfa ta mutu, ya zuba kuɗi ya sayi sabuwa, ruwa ya ci gaba da kwanciya. Ana neman ɓarawo a kan rufi, shi kuwa yana cikin kwata.

Gwajinsa kofi ɗaya ne na ruwa. Zuba a indararon, ka sunkuya. Ya zubo gaban taya? Lafiya lau. Bai zubo ba? Sai a zura siririn burushi mai lanƙwasuwa. Masu MX-5 da burushin wanke wani kakakin Turawa suke yi, trombone, ban san wanda ya fara tuno wannan dabara ba amma Allah ya saka masa. Kar dai ka zura waya mai tauri, za ka huda tiyon, ka mayar da ƙaramar matsala babba.

Sauran a gurguje.

Idan a waje motarka ke kwana kuma kullum kana hawa, rabin murfi ya ishe ka, wanda ke rufe rumfa da gilasai kawai, a ɗaure shi da igiyoyi. Yana kare rumfa daga rana da kashin tsuntsu, iska tana wucewa ta ƙasa, minti ɗaya ka sa ka cire. Ni shi na fi so, kuma ba wanda ya biya ni na faɗa.

Ita Caterham tata duniyar daban. Cikakkiyar rumfarta da maɓallai ake ɗanawa ɗaya bayan ɗaya, kafin ka gama ruwan ya gama da kai, shiga ciki kuma sai wanda ƙugunsa ke da sauran ƙuruciya. Ku dubi bawan Allahn nan yadda ya naɗe kamar tabarma. Shi ya sa da yawa suke komawa rabin rumfa, daga saman gilashin gaba zuwa ƙarfen kariya, baya a buɗe. Kanka a bushe, gilashi ba ya hazo, don iska na fita. Na ajiya kuma akwai shimfiɗaɗɗen murfin kujeru mai zif a tsakiya, direba ya buɗe rabinsa ya tuƙa. A ja shi ya yi tsam, in ya yi ciki sai ya tara tafki, kuma ranar da za ka buɗe a cinyarka zai juye. Masu cewa in kana gudu ruwa ta samanka yake wucewa, gaskiyarsu ce, har zuwa danja ta farko.

Kar a naɗe rumfa tana jiƙe. Kar a naɗe ta leda da sanyin safiya, tagar na iya tsagewa. Sabuwa kuma a ɗora ta ranar da ake zafi, a bar ta a rufe kwanaki ta miƙe. Injin wanki mai feshi da ƙarfi, a nisanta shi da ɗinki.

Ga namu na gida da suka shigo da irin waɗannan motoci Kano ko Abuja, ku ƙara da ƙurar hunturu. In ka yafa murfi a kan mota mai ƙura, iska ta yi ta kaɗa shi, ka sa wa fentinka sanfefa ke nan. A wanke, a bari ta bushe sarai, sannan a rufe.

[Komawa kan jar motar, ƙofofi a buɗe, kafet a shanye]

Wannan kuwa mun duba ramukanta. Na dama ya wuce, na hagu ga abin da muka zaro: ganye, laka, da wata leda ta alawa. Kafet zai kwana biyu a rana. Tamfol ɗin kuma mai gadi ya ce yana so, zai rufe buhunan siminti.